Zazzaɓin Madam Ciyawa

Ku yi mini aikin gafara tun kafin in soma. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san fagen nan na manya ne, ba na irina ba. Sau uku ina yage shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku kau da kai kamar ba ku gani ba. To, bismilla.

Kamiyon, babbar motar kaya, bai gama tsayawa a bakin kasuwar Belbeji ba, Raishatu ta riga ta miƙe tsaye a kan buhunan kanwa, ta danne kayenta na lakol, littafin rubutun makaranta, a ƙirji da hannu biyu.

"Ke, zauna kada ki zubar da haƙoranki a garin mutane!" in ji Gwaggo Kaltuma, ƙanwar babanta, tana jan gefen zanenta. "Baturiyar nan fiffike gare ta?"

"Gobe za ta tafi, Gwaggo. Gobe da sassafe!"

"To yau gobe ce?"

Raishatu ta dira ƙasa, takalminta ɗaya ya nutse cikin rairayi mai danshi, ta zaro shi tana dariya ita kaɗai. Tun asuba suka baro Tanut, sau biyu motar tana kafewa, ga shi har rana ta yi tsaka. Direba ya riga ya faɗa: da an sallame la'asar zai juya, wanda bai zo ba ya kwana a kasuwa.

Abin da ya kawo ta yana ninke cikin kayen, wasiƙar Yaya Umaru. Shekararsa huɗu a Pari, babban birnin Faransa, yana karatu, amma har wannan damina ta 1969 babu wanda ya gane a gidansu abin da yake karantawa. Wai Turawa yake bincike, waɗanda suka bar cocinsu suka kama hanyar Buda, wani malami da ya yi zamani a ƙasar Hindu tun kafin Annabi Isa. "Shekara da shekaru suna zuwa ƙasarmu da kaye," ya rubuta mata, "suna tambayarmu me muke ci, yaya muke binne mamaci. To ni ma na sayi kaye."

A wani gida da Turawan suke taruwa ne aka gaya masa cewa ɗaya daga cikinsu, Odil, ta tafi Nijar auna ciyawar makiyaya, tana zaune a Belbeji. Belbeji! Nan bayan gida. "Duk waɗanda na tambaya a nan, cikin ƴan'uwansu suke yin abinsu. Ita kaɗai ce ta ɗauke shi ta kai shi inda ba a san shi ba. In na rasa amsarta, littafina gurgu ne. Ba ni da wanda zan aika sai ke." Ya haɗo da takarda mai tambaya goma sha biyu, da doka guda wadda ya ja wa layi biyu: "Rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa. Kada ki ƙara naki, kada ki rage nata."

Sati biyar wasiƙar ta yi a hanya, jiya ta iso. Da Raishatu ta tambayi ma'aikacin gidan waya ko ya san wata Odil, sai ya ce ai Madam Ciyawa ke nan, ta gama aikinta, jibi za ta koma ƙasarsu. Yarinyar da a kolejin Damagaram ko hannu ta ɗaga sai muryarta ta yi rawa, ita ce ta tsaya gaban babanta ta roƙi a bar ta ta bi Gwaggo kasuwa. Har yanzu ba ta san inda ta samo bakin ba.

Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta, ta jera kuɓewa busasshiya da daddawa. "Je ki. In kika ji hon ɗin mota ba ki zo ba, ni zan zo in ɗauko ki da kunne."

Gidan yana bayan rijiyar inji inda ake shayar da shanu, ɗakuna biyu na ƙasa da ƙofar kwano, da dogon yaro uku a tsakar gida. A bakin ƙofa wani tsoho ne zaune kan benci da tsohuwar rigar soja. Da ya miƙe sai ta ga kansa ya kusa taɓa reshe. Shi ne Gajere mai gadi. Sunan kaɗai ne gajere.

"Salamu alaikum, Baba."

"Alaikumus salam, ƴar lakol. Daga ina da kaye, kamar mai ƙidayar shanu?"

"Daga Tanut. Wurin Madam na zo. Ina da takarda daga Pari."

Ya dubi kan sarkin da ke jikin ambulan, ya ɗan ƙame kamar a fareti. "Takarda ta yi. Amma Madam ba ta ganuwa yanzu. Ya tashi."

"Wa ya tashi?"

"Zazzaɓin mana."

Raishatu ta dubi ƙofar kwanon. Duk wannan tafiya, ashe mara lafiya ta zo tararwa.

"Kada ki damu, ba ya daɗewa," in ji Gajere. "Sau biyu kullum, da asuba da azahar. Zazzaɓi ne mai agogo, irin nasu, ba ya latti. Yau shekara guda ke nan. Ita da bakinta ta gaya mini: 'Gajere, zazzan. Kada kowa ya shigo.' Hausarta ke nan, baiwar Allah, rabi take faɗa ni in cika mata. Tafasa ta ce tapaza, ƙarangiya ta ce karamgi. To zazzan fa? Ai ko jariri ya san zazzaɓi take nufi."

Raishatu ta matso kusa da shi. "Baba, don Allah sake faɗa. Yadda ta faɗa sak."

"Za-zan."

Ta warware takardar tambayoyi. Ga ta nan, ta huɗu: "Sau nawa kike yin zazen a rana?" A gefe, da ƙaramin rubutun Yaya Umaru: "Zazen, zama shiru a fuskanci bango. Ibadarsu ke nan."

Ta toshe bakinta da kayen. Dariya ce ke son fitowa ko ihu, ba ta sani ba. Ta lallaɓa ta leƙa ta tagar katako. Wata doguwar mace siririya tana zaune kan matashin fata irin na Buzaye, ƙafafu a naɗe, baya a miƙe kamar muciya, hancinta bai fi taki biyu daga bango ba. Ƙuda yana yawo a kunnenta, ko gezau ba ta yi ba. Abin da Yaya Umaru ya ƙetare teku don ya gani, ga shi a ƙasarsu ta Damargu, bayan wurin shan ruwan shanu!

"Kin gani ko?" Gajere ya rage murya. "Haka yake sandarar da ita. Ko kwanciya ba ta iya yi. Ranar farko da na gani, wallahi ban iya cin tuwo ba. Na gaya wa iyalina, ita kuma ta gaya wa mata. Tun daga nan ba a fasa kawo mata magani ba. Sabara, tazargade, ganyen dogon yaro, har wata Bafulatana daga Gangara ta aiko da saiwa."

"Baba," ta ce a hankali, "ka taɓa jin Buda?"

"Ni kike tambaya? Shekara uku na yi a yaƙin Faransa na ƙasar Indoshin, ƴar nan, da bindiga a kafaɗa. Na ga mutanen Buda da idona. Kai a aske ƙwal, mayafi ruwan goro, ga gunki ya fi ɗakin nan girma, ga turare, ga ƙararrawa. Me ya kawo maganarsu?"

"Ko Madam tana cikinsu?"

Ya yi dariya har da tari. "Baturiya? Ina gunkin? Ina turaren? Ke dai lakol ta cika miki kai. Mara lafiya ce kurum, Allah ya ba ta sauƙi."

Maganar ta zo har bakin Raishatu. Sai ta dubi tsohon, yadda ya koma ya zauna ya tare ƙofa da dogayen ƙafafunsa, yana korar akuya da hula don kada kukanta ya dami mai jinya. Ta haɗiye.

Can sai ƙofar kwano ta yi ƙara. Madam ta fito tana murza gwiwa.

"Sannu, Madam. Ya jiki?" in ji Gajere.

"Da soki, da soki," ta amsa da fara'a, kamar mai amsa ina kwana.

Raishatu ta harhaɗa Faransancinta na kolej, ta yi gaisuwa, ta miƙa wasiƙa. Madam ta karanta, ta zaro ido, ta sake karantawa, sannan ta kece da dariya har ta dafa bango.

"Ɗan Tanut a Pari yana binciken mu? Kai, abin ya yi mini daɗi! Shigo, shigo. Yi mini tambayar da duk kika ga dama, yau ni ce ciyawar."

Ɗakin cike yake da akwatuna a ɗaure, da tulin tsofaffin jaridu da aka danne da duwatsu. Ta ba Raishatu akwati guda ta zauna. Raishatu ta ɗora takardar kan gwiwa, ta cire marfin alƙalaminta bik da haƙori.

"Tambaya ta ɗaya. Ke mabiyar Buda ce? I ko a'a."

"Ban sani ba."

"Madam, gurbi biyu ne kawai."

"To rubuta a tsakaninsu."

Raishatu ta matse rubutunta ta cusa shi tsakanin gurbin biyu, sannan ta ci gaba da tambayar Madam. Wa ya koya mata? Wani tsoho ɗan Japan, a bayan wani kanti a Pari, wata takwas kacal kafin ta taho. Ta taɓa zuwa Japan ko Hindu? Ko kusa. Ta karanta littattafansu? Biyu, ɗaya ma ba ta gama ba. Iyayenta sun sani? Uwarta ta sani, ta ce gara wannan da shan taba. Me take tunawa in ta zauna?

"Ba kome."

"Ba kome?"

"Abin da ake nema ke nan. Amma gaskiya, yawanci ƙafata nake tunawa, don ciwo take yi."

Bik ɗin Raishatu yana gudu, ita kuma ji take kamar ta tashi ta taka rawa. Muryarta ta daina rawa tun a tambaya ta uku, ba ta ma lura ba. Sai ga ta a ta ƙarshe. Ta karanta ta a zuci tukuna.

"Ta goma sha biyu. Yaya mutanen da kike zaune cikinsu suke ɗaukar ibadarki?"

Fuskar Madam ta sake. Ta ajiye wasa gefe.

"Wannan ki rubuta ta da kyau, don ita ce ta fi. A Pari maƙwabta dariya suke mana. A nan, ni baƙuwa, ba addininmu ɗaya ba, amma ban taɓa ganin mutane masu girmama ibadar wani kamar mutanen garin nan ba. Sau ɗaya na gaya wa Gajere sunan abin, ya gane nan take. Shekara guda yana tsaron ƙofata, ko kaza ba ta shigowa. In na fito, mata suna jira, suna gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa kamar wadda ta dawo daga wuri mai nisa. Kuma sun san ina son tsirrai, dubi." Ta ɗaga dutse, ta buɗe jarida. Ganyen sabara ne a shimfiɗe, ya bushe, da kwanan wata a ƙasa. Ta buɗe wata: sabara. Wata kuma: tazargade. "Iri huɗu ko biyar ne kullum, ban san dalili ba. Sabara kaɗai ina da talatin da ɗaya. Amma kyauta ce, yaya zan zubar? Duk da su zan tafi."

Raishatu ta dubi maganin zazzaɓin shekara guda, an danne shi da dutse, an sa masa lamba. Ta ciji marfin bik har ya tsage.

Kada ki ƙara naki, kada ki rage nata. Ta sunkuyar da kai ta rubuta duka, kalma bayan kalma, har da kazar. Amma tana rubutawa tana jin nauyin abin. Yaya Umaru zai ɗauki wannan ya sa a littafi, manyan malamai su karanta, su ce ashe mutanen Damargu sun san zazen. Ita ce kuma ta aika masa.

"Madam, kalmar nan..."

"Zazen? Gajere ya ce kuna da irinta a Hausa! Na so in tambayi wanda ya iya Faransanci sosai. Me take nufi a wurinku?"

Ta taga Raishatu tana hango ƙeyar tsohon. Ta dubi idanun Madam, sun cika da jira. Kalma guda za ta faɗa, shekarar mutum biyu ta rushe, ana gobe rabuwa. Ta lalubi cikin kanta kamar mai neman allura a tabarma, sai ta ji ta taɓa wani abu.

"Akwai mai kama da ita," ta ce. "Zazzaune. In mutane da yawa suka taru, kowa ya zauna, sai a ce suna zazzaune."

"Zazzaune," Madam ta maimaita a hankali. "Mutane da yawa." Ta juya ta shiga gyara igiyar wani akwati da ba ya bukatar gyara.

Da Raishatu ta fito, tsakar gida ta soma cika. Mata ne suka zo sallama, sun baro kasuwa da ƙoransu, wasu da goyo, kusan kowace da ƙullin ganye a gefen zane. Ta tsaya a inuwar dogon yaro tana juya takardar a hannu. Bayan takardar fari fat. Yaya Umaru ya hana ta ƙara kome a maganar Madam. Bai ce kome ba game da bayan takarda.

Ta durƙusa gaban wata tsohuwa mai faifan gero. "Inna, don Allah in tambaye ki. Abin nan da ke kama Madam, me kuke cewa a kansa?"

"Me za mu ce? Zazzaɓi ne, ƴata. Rana ce ta ƙasarmu ta fi ƙarfin fatarta."

"Rana ina!" in ji wata mai goyo. "Shiga dajin nan ne da tsakar rana tana tsinkar ciyawar da ba a tsinka. Na faɗa tun farko, a nemo masu girka."

Wata ta katse ta: "Rufa mana baki, ke kome iska. Rashin aure ne. Mace har ta kai wannan tsawo ba miji, ba dole ta zauna tana kallon bango ba?"

Aka kwashe da dariya. Raishatu tana rubutu, gwiwarta ce tebur, bik yana huda takarda. Ta tambayi sunan kowace, da ganyen da ta kawo, da sau nawa. Wata ta ce ita ba ta yarda ciwo ba ne, don mai zazzaɓi ba ya fitowa fuska a sake haka. Ita dai tana kawo ganye ne don kowa na kawowa. Raishatu ta ja wa wannan layi. Ta koma wurin Gajere ta sa ya sake ba ta labarin Indoshin, ya ƙara da na wani jirgin ruwa da ba ta tambaya ba. Bayan takardar ya cika, ta shiga kayenta, shafi ɗaya, biyu, huɗu. A saman shafin farko ta rubuta: "Yaya, wannan ba nata ba ne, ba nawa ba ne. Nasu ne." Kunnuwanta har zafi suke don daɗi. Ashe haka abin yake! Ashe tambaya ɗaya tana da ƙofar gaba da ta baya!

Ladan ya kira la'asar ba ta ji ba. Hon ɗin kamiyo ta ji, dogo, daga wajen kasuwa. Sai ga Gwaggo Kaltuma a bakin ƙofa, tabarma a naɗe a ka, tana nuna kunnenta da yatsa.

Daidai nan Madam ta fito, riƙe da ƴar takarda da ta rubuta jawabinta na Hausa. Mata suka yi tsit.

"Mata na Belbeji," ta karanta, tana bin kalmomin da yatsa. "Na gode. Gobe ni tafi. Shekara ɗaya, ni zazen, ku hankuri. Ku kawo ganye. Ni ba mantawa. Zazen nawa, ni tafi da shi Faransa."

"Wayyo, baiwar Allah," in ji tsohuwa mai faifai, tana share ido da bakin mayafi. "Har can zai bi ta." Ta ɗaga tafin hannu sama, sauran mata suka ɗaga, Gajere ya cire hula.

"Allah ya raba ki da shi, Madam!"

"Amin!" in ji mata.

"Allah ya sa a bakin rijiyar nan za ki bar shi! Allah ya sa kada ya sake tashi, da asuba ko da azahar, har ƙarshen ranki!"

"Amin, amin," in ji Madam da ƙarfi, ta shafa fuska yadda ta ga suna yi, hawaye na bin kumatunta.

Mata suka yi caa a kanta, wannan na tura mata ƙullin sabara, wannan na kama hannunta. Ta cikin kawunansu Madam ta ɗaga wuya tana waige-waige.

"Ina yarinyar nan ta Tanut?" ta ce da Faransanci. "Addu'ar nan ta yi tsawo, ina so a fassara mini ita duka. Gajere, ina ƴar lakol?"

Gajere ya duba inuwar dogon yaro, ya duba bayan benci. Raishatu kuwa ta riga ta sunkuya ta bi ta bayan wata mai ƙwaryar nono, ta zame ta gefen katanga, kayen a cikin zane. Ta kama hannun Gwaggo, suka ratsa ta tsakanin shanun da ke jiran ruwa, ba ta waiwaya ba.